Yadda Na Kai Ɗan Tauri Aka Yanka Shi

Na ba da labarin nan a bakin rijiya har mata sun fara canza hanya in sun hango ni da jarka. Shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda, mai buƙata ya karanta, wanda ba ya so ya naɗe tsire da ita. Sunana Hajo, garinmu yana nan kusa da Tajaye, labarin kuwa na hannun maigidana ne, hannun dama.

Mahauci ne, ɗan mahauta. Ni ina ce masa Baban Rabi, kasuwa kuma ta san shi da Gagara-wuƙa, domin bayan fawa ɗan tauri ne. In an gama girbi aka buga musu ganga a fili, zai riƙa goga wuƙa a cikinsa da wuyansa, ko ƙwarzane babu. Gadon gidansu ne. Baba Arzika, ƙanen mahaifinsa wanda ya rene shi, shi ya ba shi maganin ƙarfen tun yana saurayi. 'Ya'yan Baba na cikinsa duk sun tafi ci-rani, daga mai Abijan sai mai Libiya, babu wanda ya tsaya ya karɓa. Baban Rabi kaɗai ya rage masa. Ni dai ban taɓa sa baki a zancen taurin nan ba. Na gan shi da idona yana lanƙwasa wuƙa a ciki, na yi guɗa tare da mata, na koma kan tukunyata. Sana'ata dafa kai da ƙafar sa, ina sayarwa ranar kasuwa a gefen rumfarsa.

Da bazara abin ya faru, ana gab da shuka. Sun sayi wani bijimi wurin Fulani za su kayar a mahauta, shi ke riƙe da igiyar ƙafa. Sa ya fizga, Baban Rabi ya tafi da baya, ya kai hannu ya dafe ƙasa don kada ƙeyarsa ta bugu. Wanda ke kusa da shi ya ji wani sauti, ɗas, ya ɗauka igiya ce ta tsinke, aka duba igiya lafiyarta lau. Shi kuma ya ce ji ya yi kamar an jefe shi da dutse a bayan gwiwar hannu, har ya waiga ya ga wanda ya yi jifar.

Ya shigo gida yana rungume da hannun.

"Mi yas same ka?"

"Ba komi. Targaɗe na."

Kafin la'asar bayan gwiwar ya kumbura ya yi sumul, tsinin ƙashin ma ba a gani. Washegari fatar wurin ta yi baƙi wuluk, jini ya kwanta har ya gangaro wajen tsintsiyar hannu. Baba Arzika ya aika aka kira maɗori. Mutumin ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ba karaya, ba gocewa. Ya shafa man shanu, ya ja hannun har sai da Gagara-wuƙa ya ciji hularsa, ya jera kara ya ɗaure. Ba na zaginsa. Ƙashi aka kira shi ya duba, ya duba ƙashi, kuma gaskiya ya faɗa. Matan gida su ma kowa ta kawo nata: wannan ta ce a gasa da ruwan zafi, waccan ta ce sammu ne daga mahautan da ke jin haushinsa. Na gasa, na yi hayaƙi, na ce Allah ya sa a dace.

Da sati ya zagayo aka kwance kara. Kumburi ya faɗa, zafi ya ragu, hannu kuwa ga shi nan a miƙe yana rataye a gefensa kamar na kowa. A ƙofar gida, gaban mutane, ya sunkuya ya ɗauki jarka cike da ruwa da hannun, ya ɗaga ta har ƙirji. Aka yi ta barka. Baba ya ce, "To, mun gode Allah, ciwo ya wuce." Ni ma na yarda, har na dafa shinkafa.

Sai dai mace ta fi kowa sanin yadda mijinta ke tashi daga tabarma. Da can hannun dama yake dogarawa ya miƙe tsam. Yanzu sai ya mirgina hagu, ya tashi a karkace. Ƙofar ɗakinmu ta langa-langa tana da cijewa, sai na ga da kafaɗa yake ture ta. Ya daina zuwa masallaci da azahar, wai rana ta yi zafi, mutumin da ke yini a mahauta ba inuwa. Ranar nan na tsaya a bakin ɗaki da tsintsiya yana salla. Ya yi sujada lafiya. Da ya zo ɗagowa ya dafa ƙasa da hannu biyu, na daman ya lanƙwashe ƙarƙashinsa, ya tafi gefe, goshinsa ya sake bugun tabarma. Ya gyara, ya tashi da hagu. Na koma baya a hankali don kada ya san na gani.

Da ya idar na kawo man shanu na ce zan shafa masa. A nan yatsana ya faɗa rami. Sama da tsinin gwiwa kaɗan, inda ya kamata a ji jijiya a miƙe da tauri, wurin ya loma, babu komai sai fata. Can sama kuma, wajen tsakiyar damtse ta baya, nama ya dunƙule wuri ɗaya. Na shafa na hagu, babu rami, babu dunƙule. Na shekara da shekaru ina gyaran ƙafar sa. Na san in aka yanke jijiya daga ƙashi, nama guduwa yake yi sama ya bar wurin fayau.

"Baban Rabi, wanga ba targaɗe ba na. Jijiya ta ta rabu da ƙashi."

"Ke yaushe kinka zama likita? Ba ki ga na ɗauki jarka ba?"

"Na gani. Tura ni."

Na tsaya a gabansa. Ya dafa kafaɗata da hannun, ya yunƙura. Ni da ba ni da wani jiki, ko gezau ban yi ba. Ya janye hannunsa ya ce in fita in ba shi wuri.

Ranar kasuwa ta tona sauran. Fiɗa ya yi ta a daddafe, don jan fata ne, ja kuwa yana iyawa. Da aka zo sara ya ɗaga gatari sama, gatari ya faɗo da nauyin kansa kawai, ya goce a kan ƙashi, saura ƙiris ya sauka a babban yatsansa na hagu. Ina kan tukunyata ina kallo. Masu saye suka tsaya, suka gaji, suka matsa rumfa ta gaba.

Washegari na yi ta yi masa naci har ya bi ni gidan likita na garinmu, wai don in ƙyale shi ya huta. Majo ɗin, wato mai duba marasa lafiya a wurin, mace ce, Allah ya saka mata da alheri. Ba ta ce ya ɗauki komai ba. Ta ce ya ɗaga hannun sama, ya lanƙwasa ya taɓa ƙeya, sannan ya miƙe shi. Ya ɗaga, ya lanƙwasa. Miƙewa ta gagara. Ya cije, jijiyoyin wuyansa suka fito, hannu yana nan kwance a bayan kansa. Ta ce in hannu yana ƙasa nauyinsa ne ke miƙe shi, shi ya sa kowa ya ruɗu. Ta rubuta mana takarda zuwa Konni, ta ce kada mu kwana biyu.

Konni kuwa mun sha layi. Layin tike daban, layin ganin likita daban, layin radiyo, wato hoton ƙashi, daban, kowanne sai ka biya sannan a dube ka. Muna zaune a benci wuta ta ɗauke, aka ce a jira. Wani mai gadi ya daka mini tsawa don na zauna a kan matakala, na ce masa ya kawo kujerar gidansu in zauna. Radiyo ta fito, ƙashi lafiya, sai wani ɗan ɓarɓashi da ya ɓalle ya yi sama. Baban Rabi har ya fara murmushi yana harara ta. Likita ya ce a'a, a yi eko, hoton da ke nuna nama da jijiya. Muka kwana gidan wata 'yar'uwata, muka sake bin layi. Da aka goga masa na'urar a damtse, likitan ya juyo da allon ya nuna mana wani baƙin fili tsakanin nama da ƙashi.

"Naman bayan damtse, mu muna ce mai tirisef," in ji shi. "Shi ka miƙe hannu, shi ka turi, shi ka sara. Na gaba shi ka ɗauka, kuma naka na gaba lahiya lau yake. Jijiyar da ta ɗaure na baya ga ƙashi ta tsinke dut. Da rabi ta, sai mu ɗaure mu jira. Wagga sai an yi aiki an ɗinke."

Na riƙe kalmar nan tirisef, ina ta maimaita ta a mota don kada ta ɓace mini. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe: kowane sati da ya wuce, naman yana ƙara ja sama yana ƙanƙancewa, in aka daɗe jawo shi sai da wahala, wani lokaci ma ba ya komawa yadda yake. Ya tura mu wani asibiti can wajen Malbaza inda ake irin wannan aiki.

Da muka sauka daga mota a bakin gudro, wato kwalta, Baban Rabi ya ce, "Kin san dai ƙarhe ba ya ci na."

Nan ne ainihin jinyar ta fara. A wurinsu, ɗan tauri ba a yi masa aiki sai wanda ya ɗaura maganin ya warware shi. In an warware kuwa shi ke nan, ba ya sake ɗauruwa. Labari ya riga mu isa gida. Aka ce kayan likita za su kakkarye a jikinsa, aka ce maganin zai juya ya ci shi, aka ce ni ce ke son a nakasa shi. Baba Arzika ya ce ba ya warwarewa, a ƙara haƙuri, hannu zai dawo da kansa. Muka shiga sati na uku a haka, ni ina shafa ramin nan kullum ina ji yana ƙara faɗi.

Tun da aka kawo ni gidan, magana ba ta taɓa haɗa ni da Baba ba in ban da gaisuwa, ita ma daga nesa, kai a ƙasa. Ranar nan na yafa zane na same shi a gindin bishiyar bedi a ƙofar gidansa, na durƙusa.

"Baba, ka warware shi."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. "Wa ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

Da ya buɗe baki ba faɗa ya yi ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. "Ɗiyata, ubana ya ba ni abin ga, shi ma ubanai ya ba shi. Ɗiyana sun watse. Hwaɗa mini, in na kwance wanga, wa zan ba?"

"Baba, tauri sau guda a ka yi nai a shekara. Mu kuwa kullum muna ɗora tukunya."

"Ko da hannun hagu a na goga yuƙa ga ciki."

"Amma ba a sara da shi."

Ya ɗauki butarsa ya shige gida ya bar ni durƙushe. Kafin in kai ƙofarmu gari ya ɗauka, Hajo ta yi wa surukinta tsaye. Uwata ta aiko a ce mini in ji tsoron Allah. Na ce a gaya mata ina ji, shi ya sa ma na je.

Abin da ya juyar da Baban Rabi ba bakina ba ne. Mahauta suna da al'ada, in an yi yanka sukan cire ɗan nama su aika wa tsofaffin da suka ajiye wuƙa. Kasuwar da ta biyo ya je ya zauna a rumfa, wani ya yi masa sara, da yamma ya dawo da ƙunshi a takardar siminti. Na buɗe, na gane ko wane kaso ne, don ni ma na sha kai wa tsofaffi irinsa. Na naɗe na ajiye a gabansa.

"Ba ni dahwa shi."

"Hajo, nama na."

"Naman tsohi na. Kai ko hurhura ba ka da ita. In ka yarda ka ajiye yuƙa, hwaɗa mini da bakinka, in ɗora tukunya yanzu."

Raina a ɓace yake, amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa, kuma na san in na bari ya ga tausayin an gama. Ya zauna yana kallon ƙunshin har aka kira magariba. Yara suka ci tuwo da miyar kuka ba nama. Sannan ya ce, "In yuƙa ta ƙi shiga hwa?"

"Sai mu komo sunanka ya ƙaru."

"In ta shiga?"

"Sai mu komo da hannu."

Na sayar da tunkiyata da babbar tukunyar da nake dafa kai a ciki, muka kama hanyar Malbaza ba mu yi wa kowa sallama ba.

A asibitin suka fara da ɗibar jini. Mutumin nan tun da na san shi bai taɓa yarda an yi masa allura ba. Ya miƙa hannun hagu, ya kafe allurar da ido, ta shige sumul. Ya juya fuska bango. Can ya ce mini a hankali, "Allura daban, yuƙa daban." Na ce haka ne. Likitan da zai yi aikin ya ce mun makara amma ba mu makara sosai ba, ya matsa mana wuri a cikin satin. Aka ja mana kunne: ranar aiki kada ya ci, kada ya sha, ko ruwa. In ya sha za a ɗage, randebu na gaba kuwa, wato wata ranar aikin, sai bayan makonni, don mutane sun yi yawa.

Da hantsi, an sa masa rigar asibiti an kwantar da shi a gadon turawa a baranda, sai ga kabu-kabu ya tsaya a bakin ƙofa. Baba Arzika ya sauko, tsoho tukuf, ƙafafunsa na rawa saboda doguwar hanya. Ya zaro wata 'yar gora daga aljihu, ruwan ciki baƙi.

"Na zaka in warware shi," ya ce. "Ba ni bari a sa mai ƙarhe da abin ga jikinai. Ɗaga kanai shi sha."

Wallahi sai da idona ya cika. Tsohon nan ya kwana yana kokawa da ransa, ya zaɓi ɗansa a kan gadon ubansa, ya hau babur ya zo. Ni kuma dole in tare shi.

"Baba, an hana shi sha. Ko ruwa."

"Kurɓi guda na."

"In ya kurɓa sun hwasa aiki. A shahwa mai ga hannu."

"Ba a shahwawa. Sha a ka yi."

Na shiga tsakanin gorar da gadon na tsaya. Ban matsa ba. Mutanen baranda suka zuba mana ido. Baba ya leƙa ta gefena ya kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa. Baban Rabi ya dubi gorar, ya dube ni, ya dubi hannunsa.

"Baba," ya ce, "yi mini addu'a dai."

Aka tura shi ciki.

Muka zauna a benci ɗaya, ni a wannan baki, Baba a wancan, gora a cinyarsa. Duk bakin da nake da shi, a zaman nan tsoro ya kama ni. Na ce in abin da suke faɗa gaskiya ne fa? In maganin ya juya fa, da wane ido zan dubi yarana? Babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Bayan azahar likitan ya fito. Ya ce naman ya gudu sama sosai, da ƙyar suka jawo shi, sun huda ƙashi sun ɗinke jijiyar a jiki da zare mai ƙarfi, kuma mara lafiya yana barci. Baba ya miƙe.

"Likita, yuƙa ta shiga?"

Likitan bai san dawan garin ba, ya yi dariya. "Ta shiga mana, Baba. In ba ta shiga ba da mi za mu yi aiki?"

Baba ya gyaɗa kai. Ya mayar da gorar aljihu a cike, ya nemi kabu-kabu ya tafi, bai jira ya farka ba.

Jinyar gida ita ma ba wasa ba ce. Hannu a cikin filasta, a ɗan lanƙwashe, rataye a wuya. Ni ke yi masa wanka, ni ke sa masa riga, ni ke zuba masa ruwan alwala. Tuwo da hagu ya ƙi ci, wai ba tarbiyya ba ce, sai dai in ba shi a baki, yana ci yana ƙorafin miya ba gishiri. Makonnin farko yana kwance yana kallon rufi, na san kuma ba hannun ke damunsa ba. Masu zuwa dubiya rabi don Allah, rabi don su ga inda aka yanka. Na sa tabarma a ƙofar ɗaki na zauna, mai gaisuwa ya gaisa daga nan. Wata ta tambaye ni ko gaskiya ne almakashin likita ya karye. Na ce ƙwarai, shi ya sa suka ɗinke shi da haƙori.

Damina ta sauka, gonarmu ta zama abin da ta zama. Maƙwabta suka yi mana noman fari, ba zan manta musu ba. Mahauta kuma suka riƙe masa rumfarsa ba su ba kowa ba, su ma na gode, ko da yake a cikinsu akwai masu yi da ni. Komawa asibiti ta cinye ɗan abin da ya saura: mota, farmasi, cire zare, mota kuma. Da aka cire filasta hannun ya fito a rame, fata na saɓa, ga tabo dogo a bayan gwiwa. Gwiwar ta ƙage. Suka koya mana motsa ta kaɗan-kaɗan, suka ce ba turi, ba ɗaukar nauyi, ba gatari, sai sun ba da izini. Na ɓoye gatarin a rumbun maƙwabciya, don na san halin kayana. Ranar da na kama shi yana gwada ture turmi, faɗan da muka yi sai da aka jiyo mu a bayan gari.

A hankali ya fara tura bango, daga nan ya koma daka mini yaji, abin da da can ko a mafarki ba zai yi ba. Sai da gero ya nuna likita ya ce ya gwada sara, ya fara da ƙashin akuya. Hannun bai koma daidai da na da ba. Akwai ɗan lanƙwasa da ya rage, in an yi sanyi kuma yana yi masa tsami. Likita ya ce da mun zo a satin farko da abin ya fi haka kyau, kuma wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Don haka ga abin da nake faɗa wa mata a rijiya. In mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, ya ji ɗas a bayan gwiwar hannu, wurin ya kumbura ya yi baƙi, kada ku tsaya kan cewa ƙashi bai karye ba. Kada a gwada shi da ɗaukar kaya, ɗauka ba ta nuna komai. A sa shi ya tura, a sa shi ya miƙe hannun a sama da kansa. A shafa bayan gwiwar a ji ko akwai rami. In akwai, a tafi a satin, ko wa zai yi fushi.

Bayan girbi aka yi wasan tauri kamar kowace shekara, ya faɗo ranar kasuwa. 'Yan taurin garuruwa suka zo da makaɗansu, fili ya cika. Baban Rabi ya yanka sa biyu saboda baƙi, ya sa riga mai yankakken hannu, tabo a waje, ya tsaya a rumfarsa. Ni ina gefe da tukunyar aro. Daga inda nake ina hango filin.

Da aka juya kiɗa zuwa taken gidansu, fili ya yi tsit, ana jira. Babu wanda ya fito. Makaɗi ya maimaita. Sai ga Baba Arzika ya tuɓe rigarsa, ya shiga shi kaɗai da tsohuwar wuƙarsa, haƙarƙarinsa duk a waje, yana taka rawar a hankali don gwiwoyinsa ba sa ɗaukarsa. Tun daga asibiti bai ƙara amsa gaisuwata ba, amma ganinsa a filin nan ya sa na sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a murfin tukunya. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Nadama ce dai na nema a raina ban samu ba.

Wata tsohuwa daga dangin gidan ta tsaya a kaina, ta nuna filin da haɓa.

"Kin ga abin da kinka yi?"

"Na gani, Inna," na ce. "Matsa rumhwa ki ga sauran."

Ba ta matsa ba, kuma ba sai ta matsa ba. Ganga na tashi a fili, a bayana kuma gatari na sauka a kan ƙashin bayan sa, sara ɗaya, ƙashi ya rabe.